Harafin Yabani a Goshin Rago

Duk wanda ya taɓa zama a Mahjar, a lungun da ke bayan mai gasa burodin tamis, ya san Abdulghaffar Yabani, wato Bajapane a bakin Larabawa. A nan Jidda aka yanke masa cibi, kuma iyakar tafiyarsa gabas Ɗa'ifa ce. Amma ya taɓa yin 'yan watanni a tashlih, inda ake farfasa tsofaffin motoci a sayar da kayansu, to daga can ya dawo da abu biyu: ciwon baya, da harafi guda na rubutun Japanawa da ya kwafo a jikin kwalin inji.

Ga harafin: の. In ka kalle shi sai ka ce gammo ne ya fara warwarewa. Ya zana shi a ƙofar ɗakinsa, ya zana a bayan wayarsa, har a butar alwalarsa.

"Sunansa no," haka yake gaya wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi. "Su Japanawa ba sa wahalar haɗa baƙi da wasali. Zane ɗaya, gaɓa ɗaya, halas, shi ke nan. Akwai irinsa arba'in da wani abu."

"To ina sauran?" in ji Mastura.

"Matar Yaya, wanda ya riƙe liman ai ya riƙe sahu."

Mastura matar yayansa ce, marigayi Garba. Yajin tsire take dakawa tana sayarwa, kuma ita ce macen da in ta doso Bab Makka masu shaguna ke tuna ba su yi alwala ba. Tun tana amarya take wasan ƙanin miji da Abdulghaffar, har wasan ya tsufa ya yi haƙora. A zamanin Garba, ragon layyarsa ne babba a lungun, kowace shekara. Da ya rasu sai mata suka fara yi mata jaje tun kafin watan ya kama: ai ko ɗan ƙaramin ragon Barbari mai araha ta samu ta yanka, Allah na karɓa. Ita kuwa ta rantse a ranta, bana ragon gidan Garba sai an ɗaga kai an kalle shi, kuma ladan na mai gidan ne.

Ana haka Abdulghaffar ya zo da shawara. Ya tara mutanen lungu bayan la'asar a ƙofar hosh ɗin Garba, wato filin nan mai katanga da ke jikin gidan Mastura.

"Ya jama'a, kowace shekara ku jira sai Sallah ta matso, 'yan kasuwar Halaga su yanka ku kafin ku yanka rago. Ku saya tun yanzu da araha, ku kawo mini. Zan yi musu kiwon Japan."

"Mene ne kuma kiwon Japan?" in ji Usman mai motar wanet, wanda ke jigilar kaya a unguwa.

"Ya shekh, ba ka ji labarin naman Japan ba? Tausa ake wa dabba. A sa mata kiɗa. A girmama ta. Nama ya fito ko tsohuwa mai dasashi ta ci ba ta nemi tsinke ba."

"Kai da ko kyanwa ba ka taɓa riƙewa ta kwana ba," in ji Mastura.

"Kyanwar ba ta da tarbiyya. Ni ma zan sa nawa ragon a ciki, don ku san ba da wasa na zo ba."

Kalmar araha ce ta kama Mastura. Ta san mutumin, ta san bakinsa ya fi hannunsa tsawo, amma hosh nata ne, katanga ɗaya ce tsakani, me zai faru ba ta ji ba? Ta ba da mabuɗi.

Gida bakwai suka shiga, har da na Abdulghaffar. Usman ya kwashe su zuwa Halaga, kasuwar dabbobi, aka tarar an sauke ragunan Sawakni daga jirgin Sudan, farare masu jan wuya, ba ƙaho, kamar uwa ɗaya ta haife su. Mastura ta tafi da maƙwabciyarta Juwairiyya, Bahausar Sudan, wadda suke gaisawa da murmushi suna auna tukunyar juna da ido.

Tun daga nesa Mastura ta hango shi. Rago ne mai ƙirji kamar ƙofar firji, yana tsaye shi kaɗai don sauran sun ba shi wuri. Nan take ya kwanta mata a rai. Sai ta taɓe baki.

"Wannan kuma lafiyarsa ƙalau?"

"Ya Hajja, wannan ai shi ne sarkin jirgin," in ji mai ragunan.

"Sarkin asibiti dai. Ɗingishi yake, ba ka gani ba? Juwairiyya, ji yadda yake tari. Haƙarƙarinsa tun daga titi nake ƙirgawa. Wallahi kyanwar gidana ta fi shi kitse."

"Ki ji tsoron Allah, Hajja!"

"Don ina jin tsoronsa na tsaya, in raba ka da shi kafin ya mutu a hannunka."

Ta tafi ta dawo, ta sake tafiya har bakin ƙofa, ya biyo ta. Kowa ya gama nasa cinikin ya sha shayi, ita tana nan. Daga ƙarshe mutumin ya miƙa mata igiya yana cewa ta ɗauka, ta ɗauka, Allah ya sa baɗi ya yi rashin lafiya ranar da za ta zo.

To al'adar Halaga, in ka sayi rago sai a fesa masa fenti, kowa da alamarsa, don kada a rikice. Na Usman layi biyu shuɗi, na Juwairiyya jan zobe, haka dai kowa. Mastura ta ce ba mai fesa wa ragonta fentin mota. Da suka iso gida ta kwaɓa lalle, ta tsoma hannu, ta danna a gadon bayansa. Ba ta iya rubuta sunanta ba, amma tafin hannunta ba shi da na biyu a Jidda.

Abdulghaffar ya kora su hosh, ya datse kwaɗo.

"Daga yau ba mai leƙe. Ido na narkar da kitse."

"Hosh ɗin mijina ne fa."

"Yanzu yankin Japan ne, matar Yaya. Ba ki da biza."

Washegari da safe Mastura na dakan yaji ta ji muryarsa ta katanga, yana magana a hankali kamar mai karɓar baƙi. Ta ɗauko turmi ta kifa, ta hau ta leƙa, biza ko ba biza. Ga Abdulghaffar ya tsaya gaban raguna, ya haɗe ƙafa, ya manna hannuwa a cinya, ya rusunar da kai har ƙasa, wai haka Japanawa ke gaisuwa.

Raguna shida suka ci gaba da tuƙa. Na bakwai, mai tafin hannu a baya, ya daina. Ko yaron goye a ƙauye ya san in ka sunkuyar wa rago da kai, dambe ka nema. Amma Abdulghaffar ɗan Jidda ne, a faranti ya san rago. Ragon ya ja da baya taku-taku, kamar mai ladabi.

"Kun gani? Har ya fara koyo..."

Ƙum!

"Wayyo! Ragon Mastura, Allah ya isa!"

Mastura ta sauko daga turmi tana dariya har da riƙe ciki. Da ya fito yana dafe da goshi ta ce, "Ƙanin miji, ya amsa gaisuwar?"

"Zumuɗi ne. Alamar jini mai kyau ce."

Bai fasa ba. Wai in ka daina gaisuwa tarbiyya ta lalace. Kullum safiya sai ya rusuna, kullum safiya lungu ya ji ƙum, ya ji "Ragon Mastura, Allah ya isa!" Har mai tamis ya daina duba agogo, in ya ji ihun ya san lokacin fitar da zubin farko ya yi.

Sai kiɗa. Ya rataya lasifika a katanga yana sa musu wata sarewa mai kukan makoki. Ragunan suka ɗauka da amshi. Malam Nuraddeen ladan ya zo da kansa ya buga ƙofa.

"Abdulghaffar, na kira azahar mutum uku suka zo. Sauran sun ce sun ɗauka ragunanka ne."

"Malam, sai ka ɗan canja murya."

Sai tausa. Ya sayo man zaitun yana murza su ɗaya bayan ɗaya, ƙura ta bi man ta manne, farare suka koma kalar ƙasa. Yana cikin murza na Usman wani ya cinye masa rabin shimag, ƙyallen rufe kansa, daga kafaɗa.

Sai abin sha. Ya ce a Japan giya ake ba shanu, amma mu Musulmi ne, don haka ya sa Usman ya kawo katan-katan na ruwan sha'ir mai gas, ya tuttula musu a baho. Ranar ragunan suka yi ta gyatsa kamar 'yan walima. Kashegari cikinsu ya ɓare. Ga zafin Jidda, ga gumin teku, ga abin da raguna bakwai suka saki a fili ɗaya. Mata suka kwashe shanya. Juwairiyya ta ƙona turaren wuta na wata guda a yini ɗaya, ta fito ta tsaya a ƙofar hosh da mayafi a hanci.

"Ya Yabani! In 'yan duba-garin baladiya suka biyo warin nan suka kwashe ragunan, kai zan kayar in yanka!"

"Khala, dattin ciki ne ke fita. Daga nan sai kitse."

Mastura ta sake hawa turmi. Wasu sun faɗa, wasu sun kumbura, har ba ka gane wanda ya shigo babba da wanda ya shigo ƙarami. Nata kuwa ya ƙi ruwan sha'ir, ya ture baho, ya mallake buhun dusa shi kaɗai. Ta ga tafin hannunta na nan daram, ta sauko da kwanciyar rai.

Ranar jajibere ta tafi Bab Makka sayen kayan miya. Da ta dawo ta ji ƙarar injin aski daga hosh, da warin tina mai wanke fenti. Ta buga katanga.

"Me kake yi musu?"

"Kwalliyar Sallah! Gobe za ki ga abin da ba a taɓa gani ba a Mahjar."

Wannan kam ya faɗi gaskiya.

Da aka sauko daga Idi lungu ya cika. Usman ya kawo wanet ya juya bayanta ga ƙofa don a wuce mayanka, Malam Nuraddeen na tsaye da carbi, mata sun jeru da sababbin abaya. Abdulghaffar ya fito cikin farar tob, doguwar riga mai guga har tana ɗaukar ido, da gwangwanin jan fenti a hannu, wai ya ɗan ƙara musu na ƙarshe. Ya yi gyaran murya, ya buɗe kwaɗo.

Jama'a suka leƙa.

Raguna bakwai, an wanke su tas, an aske su ƙwal kamar alhazai sun sauko daga Mina. Ba shuɗin layi, ba jan zobe, ba tafin hannu. Abin da tina ta kasa, injin aski ya gama. A goshin kowanne ga gammon nan an zana da jan fenti, ɗanye shar yana ƙyalli.

"Yabani asli!" in ji Abdulghaffar. "Kaya mai kyau da hatiminsa ake gane shi. Na cire muku wancan ƙazamin fentin na 'yan Halaga."

Usman ne ya fara samun bakinsa. "To... ina nawa?"

"Naka?"

"Nawa. Mai layi biyu."

Murmushin Abdulghaffar ya tsaya a inda yake. 

"Ai... a rubuce yake. Ku ne ba ku iya karatu ba. Kowane harafi da yadda na ja wutsiyarsa. Wannan naka ne."

Ragunan suka motsa, suka cakuɗa.

"Wanne?"

"Wannan."

"Ɗazu wancan ka nuna!"

"Ya juya ne, harafin ya karkace."

Lungu ya kaure. Kowa ya tuna nasa ne mai faɗin ƙirji. Wani ya rantse nasa na da dogon kunne, aka duba, duka bakwai dogon kunne gare su. Babban cikinsu na tsaye a tsakiya, Mastura ta san shi kamar yadda ta san turminta, ta nufe shi. Sai ta tarar Juwairiyya ta riga ta dafa shi.

"Sauke hannunki, ya ukhti, nawa ne."

"Naki? Ikon Allah." Juwairiyya ta juya ga jama'a. "Ina tsaye a Halaga da ƙafata. Da bakinta ta ce ragonta ɗingishi yake. Ta ce yana tari. Ta ce tun daga titi ake ƙirga haƙarƙarinsa. Ƙarya na yi, Usman?"

"Har da kyanwa," in ji Usman.

"To ga shi can."

Kowa ya waiwaya. A jikin katanga ga wani da ruwan sha'ir ya gama da shi, ƙafa ɗaya a ɗage. Kamar an ba shi umarni, ya yi tari.

Aka kwashe da dariya. 

Malam Nuraddeen ya matso. "Hajiya, kin faɗi haka?"

"Na faɗa. A kasuwa."

"To gaskiya kika faɗa, ko ƙarya?"

"Ciniki na yi, Malam."

"Ciniki ba ya cikin biyun?"

"Shi na uku ne."

"Ni dai abin da na sani," in ji Malam yana danne dariya, "gurgu mai bayyanannen ɗingishi ba ya layya. In wancan ne naki, bana sai haƙuri."

Bana sai haƙuri. A hosh ɗin Garba, gaban matan da suka yi mata jajen Barbari. Mastura ta dubi ragon, ta dubi Juwairiyya, sannan idonta ya sauka kan ƙanin mijinta, wanda ke sulalewa wajen ƙofa da gwangwaninsa.

"Usman, rufe ƙofar nan. Jama'a, tambaya ɗaya. Kullum safiya, ragon wa kuke ji ana yi wa Allah ya isa?"

"Ragon Mastura!" Har da mai tamis daga baya.

"Juwairiyya, kin taɓa jin an ce ragon Juwairiyya?"

Juwairiyya ta kau da kai.

"Madalla. Ƙanin miji, yau ka gaishe su?"

"Matar Yaya, yau Sallah..."

"Ranar gaisuwa ke nan. Kai ka ce in an daina tarbiyya ta lalace. Yalla."

"Ai sun kammala karatu. Wanda ya kammala ba a..."

"Gaishe su!" in ji lungu gaba ɗaya.

Aka ja baya aka yi da'ira. Juwairiyya ma ta sauke hannu ta matsa. Abdulghaffar ya ajiye gwangwani. Ya haɗe ƙafa. Ya dubi sama kamar mai neman ceto daga tauraron ɗan'adam, ya manna hannuwa a cinya, ya ɗan sunkuya kaɗan.

"Har ƙasa," in ji Mastura. "Yadda ake yi a Japan."

Ya kai har ƙasa. Shida suka ci gaba da kallon banza, gurgun ya yi tari. Babban ya ɗaga kai. Ya ja da baya taku-taku.

Abdulghaffar ya san wannan ladabin. Ya yi kururuwa ya juya zai gudu, kuma juyawar ce ta kammala aikin. Ƙum! Ragon ya same shi a mazaunai, ya ɗaga shi ya kifa a bahon sha'ir.

"Ragon Mastura, Allah ya isa!"

"Kun ji shaida daga bakin mai kiwo," in ji Mastura, ta zura igiya a wuyan ragonta.

Da Abdulghaffar ya miƙe ya juya baya, sai lungu ya sake fashewa. A kan farar tob, daidai wurin zama, ga gammon nan ja wur ya fito tsaf, wutsiya da komai, sai dai ya juyo ta hagu.

"Yabani asli!" in ji Usman yana dukan wanet. "Kaya mai kyau da hatiminsa ake gane shi!"

Sauran biyar Malam ya sa aka yi ƙuri'a da tsinken tsintsiya, kowa ya yafe wa kowa. Gurgun kuwa ba a sa shi a ƙuri'a ba. Jama'a suka haɗu a kan cewa tun da mai harafi ne kaɗai ya iya karatu, ya karanta wannan ya ga sunansa.

Ana ɗora raguna a wanet Juwairiyya ta matso, tana gyara mayafi.

"Ashe dai ba gurgu ba ne."

"A Halaga gurgu ne," in ji Mastura. "A hanya ya warke."

Ta yi layyarta, ta ce Allah ya kai ladan kabarin Garba, ta raba nama gida-gida, kuma sai da ta tabbata cinyar da ta aika wa Juwairiyya ta fi ƙarfin farantin. Abdulghaffar kuwa bai fito ba sai bayan la'asar, da wata tob ɗin, yana tafe yana gaya wa mai tamis cewa a Japan sai rago ya tunkuyi mai kiwonsa ake sanin nama ya nuna.

A ƙofar ɗakinsa ya tarar da Mastura da tire a rufe. Ya buɗe. Kan ragon ne, ko babbaka ba a yi ba, harafin na nan a goshi.

"Rabonka ne, ƙanin miji," in ji ta. "Rusuna ka gaishe shi son ranka. Yanzu ya koyi tarbiyya."